Duwatsun Tunawa

Karatu: Joshuwa 4:1-9, 19-24



Sa'ad da Isra'ilawa suka haye Kogin Urdun, Allah ya umarci Joshuwa ya sa mutum 12 su ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar kogin. Aka kafa su a Gilgal, domin wata rana yara su gani su yi tambaya, iyaye kuwa su ba su labarin ikon Ubangiji.

A birnin Biristol na Ingila akwai ɗakin sujada da John Wesley ya gina a 1739. Shi ne ginin Metodis mafi tsufa a duniya. Gwamnati ta sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi, ba mai rushe shi ko sake fasalinsa sai da izini. Daga ikkilisiyar Metodis ne Thomas Birch Freeman ya kawo bishara Badagry a 1842. A Wusasa kuma, kusa da Zariya, majami'ar St. Bartholomew da aka gina da ƙasa a 1929 tana tsaye har yau.

Mu fa? A Kwoi da Kagoro, inda 'yan mishan na SIM suka zauna, da Kafanchan, inda ma'aikatan jirgin ƙasa suka zo da ikkilisiyoyinsu, kakanninmu sun buga tubali, iyayenmu mata sun ɗebo ruwa a ka. Amma yau da mun gama sabon gini, sai mu bar tsohon ga damina da gara. In ya faɗi, me 'ya'yanmu za su gani su yi tambaya?

Dattawan ikkilisiya, ku gyara rufin tun kafin ruwa ya sauka. Ku adana littafin baftisma. Matasa, ku zauna da tsofaffi, ku rubuta labarin da Hausa da kuma harshenku, ko Jju ne, ko Tyap, ko Hyam.

Sai dai mu kula, gini ba ya ceto. Yesu ya faɗa cewa Haikalin Urushalima ma zai rushe (Markus 13:2). Bitrus ya kira masu bi rayayyun duwatsu (1 Bitrus 2:5). Ɗan'uwa, 'yar'uwa, rayuwarka tana sa yaranka su yi tambaya a kan Almasihu?

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, mun gode maka domin waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya. Ka taimake mu mu miƙa wa 'ya'yanmu abin da muka karɓa. Cikin sunan Yesu, Amin.