Ɗaga Ƙarfe da Raunin 'Yan Wasan Jami'o'in Amurka: Ina Laifin Yake?



An nemi mu yi tsokaci a kan lafiyar matasa, sai muka zaɓi wata muhawara da aka daɗe ana tafkawa a Amurka, wato ko horon ɗaga ƙarfe mai tsanani yana cikin abubuwan da ke jikkata 'yan wasan ƙwallon jami'o'insu. Kada a zaci tamaula irin tamu muke nufi. Ƙwallon Amurka ta fi kama da zari-ruga: a hannu ake riƙe ta, ana sa hular kwano, ƙarti kuwa su yi ta bangazar juna, wani nauyinsa ya haura kilo 130.

Har cikin shekarun 1960 masu horarwa da yawa suna hana yaransu taɓa ƙarfe, a ganinsu yana sandarar da jiki ya rage gudu. A 1969 Jami'ar Nebraska ta ɗauki wani matashi mai suna Boyd Epley aikin ƙarfafa jikin 'yan wasanta. Da ta zama zakaran ƙasa a 1970 da 1971, sai sauran jami'o'i suka bi sahu, har ya zama babu babbar ƙungiyar da ba ta da ɗakin ƙarfe da malaminsa.

Masu zargin ƙarfe suna da hujja. Tsoka tana saurin ƙara ƙarfi fiye da jijiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi, kuma idan mutum biyu suka ƙara nauyi da gudu, karon da za su yi ma ƙaruwa zai yi. Amma binciken likitoci bai goyi bayan a jefar da ƙarfen ba. A 2014 mujallar British Journal of Sports Medicine ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 25 a kan mutum fiye da 26,000, inda aka ga horon ƙarfafa tsoka ya mayar da yawan rauni ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Wasanni iri-iri aka haɗa a nazarin, amma darasin ya shafi kowa: wuya da cinya masu ƙarfi garkuwa ne ga mai su.

To, ina gizo ke saƙar? A ra'ayinmu, a wajen yadda ake ba da horon ne, da lokacin da ake ba da shi. A watan Janairun 2011 'yan wasan Jami'ar Iowa suka dawo daga hutun kusan mako uku, aka sa kowannensu ya tsuguna ya miƙe sau 100 da ƙarfe a kafaɗa, nauyin rabin abin da yake iya ɗagawa, ana kuma auna musu lokaci. Cikin 'yan kwanaki aka kwantar da 13 a asibiti. Abin da ya same su shi ne rugujewar tsoka. Idan aka wahalar da tsoka fiye da kima, ƙwayoyinta sukan fashe, su zubar da wani sinadari cikin jini, shi kuma ya je ya toshe matatar ƙoda. Mutum zai ga cinyoyinsa sun kumbura, ya kasa hawa matakala, fitsarinsa ya koma launin baƙin shayi. Dukkansu an sallame su daga baya. A Janairun 2017 an sake kwatawa a Jami'ar Oregon, bayan zuwan sababbin masu horarwa: 'yan wasa 3 suka kwanta a asibiti, aka dakatar da malamin ƙarfafa jiki wata guda ba albashi. A lura, duka biyun a Janairu ne, lokacin da babu gasa, jiki kuma ya saki bayan hutu. Horon da aka shirya don a gwada waye namiji ya fi kama da gwale-gwalen soja, alhali jiki ba a yi masa dole.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne rasa rai, kuma wannan ya fi aukuwa a wajen guje-gujen share fage, ba a ƙarƙashin ƙarfe ba. Jordan McNair na Jami'ar Maryland, ɗan shekara 19, zafi ya buge shi a wajen atisaye ran 29 ga Mayu, 2018, ba a sanyaya jikinsa da wuri ba, ya rasu ran 13 ga Yuni. Jami'ar ta amsa laifin sakacin da aka yi, daga baya ta kori babban kocinta.

Akwai wanda ya fi shafarmu. Ted Agu, ɗan wasu 'yan Nijeriya mazauna Amurka, ɗalibi ne a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. A Fabrairun 2014 ya faɗi a wajen gudun hawa tudu, ya rasu yana da shekara 21. Yana ɗauke da rukunin jini na AS, kuma a 2016 jami'ar ta amince ta biya iyalinsa diyyar dala miliyan 4.75. Mai AS ba majinyacin amosanin jini ba ne, da yawansu ma sun yi fice a wasanni. Sai dai idan aka tilasta masa gudu mai tsanani ba numfasawa, musamman ga zafi da ƙishirwa, jajayen ƙwayoyin jininsa suna iya lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan hanyoyin jini cikin 'yan mintoci. Saboda irin haka ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta shigo da gwajin wannan jini ga 'yan wasan babban rukuninta tun 2010. A 2019 kuma ta fitar da ƙa'idojin da suka ce a sassauta horo a kwanakin farko bayan kowane hutu, kuma kada a mayar da motsa jiki hanyar hukunta ɗan wasa.

A Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne, kuma yawancinmu sai an zo maganar aure ake sani. Ga shi 'ya'yanmu a Kano da Kaduna da Abuja da Legas sun rungumi gidajen motsa jiki, wanda ba shi da kuɗin shiga ya zuba siminti a gwangwani biyu ya soka ƙarfe a tsakani. Ba mu ce a hana su ba. Muna dai roƙon iyaye a kai yaro gwajin jini tun kafin ya shiga makarantar kwana ko ƙungiyar wasa, a sanar da malaminsa sakamakon. Wanda kuwa ya ga fitsarinsa ya yi duhu kwana ɗaya ko biyu bayan horo, a garzaya da shi asibiti a duba ƙodarsa, kada a tsaya ba shi maganin ciwon jiki daga kemis, domin wasu irinsu ƙara wa ƙodar nauyi suke yi.