Rumbun Kwamfuta: Ina Za Mu Ajiye Tarihin Makarantarmu?

Shugaban taro, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai na Rano da Kibiya, ina yi muku barka da zuwa. Ni ba injiniya ba ne, ma'aikacin ofis ne, amma tun da aka ɗora mini wannan nauyi zan faɗi ɗan abin da aiki ya koya mini.

Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Na farko, wanda ake kira ram, kamar tabarmar shanya yake: a kanta ake baza hatsin da ake aiki da shi yanzu, kuma da zarar an ɗauke wuta duk abin da ke kai ya tafi. Na biyu shi ne rumbu, inda abu yake zama ko da an kashe na'ura. Duk ɗan manomi ya san ba a kwana da dawa a shanya.

Rumbunan nan iri-iri ne. Babbansu shi ne faifan da ke cikin kwamfuta, had-dis, wanda kamfanin IBM na Amurka ya fara fitarwa a 1956. Na farkon faya-fayai 50 ne a jere, amma abin da yake ɗauka bai wuce megabait 5 ba, wato hoto ɗaya ko biyu na wayar zamani. Faifan juyawa yake yi, sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu yana rubutu da maganaɗisu a kansa, shi ya sa faɗuwa ɗaya kan kashe shi. Malamanmu za su tuna fulofi mai megabait 1.44, wanda Sony ya daina yi a 2011. Sidi kuwa yana ɗaukar kamar megabait 700, amma rana da ƙarzuwa suna cinye shi.

Wanda ya fi damuna shi ne filashi da memorin waya, domin su ne a aljihun kowa. Wani Bajapane, Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba, shi ya ƙirƙiro fasaharsu a shekarun 1980. Babu abin da ke juyawa a ciki. Ɗan cajin lantarki ne ake tsarewa a ƙananan gurabe. To, cajin nan yana zurarewa a hankali idan an jefar da abin a durowa shekara da shekaru, zafi kuma yana ƙara masa sauri, ga shi kun san yadda bazararmu take. Ni kaina na ɗanɗana. Ina shekarar ƙarshe a jami'a na kai filashina wani shagon buga takardu, ya kwaso cuta, babi uku na aikina suka salwanta. Kwafi ɗaya tak gare ni, don haka laifin rabinsa nawa ne.

Abin da ya kawo ni ga wannan magana shi ne rajistar ɗalibai, da takardun sakamako, da hotunan aji da ke hannun mutane daban-daban. Gara ba ta san tarihi ba. Ranar da wani malaminmu zai nemi takardar ɗaukarsa aiki domin fansho, ko ɗayanmu ya nemi shaidar kammala karatu, a nan za a gane.

Shawarata ga kwamiti ita ce a ɗauki hoton kowace takarda, a yi kwafi uku: ɗaya a had-dis a ofishin shugaban makaranta, ɗaya a wurin sakatare a Kano, ɗaya a ma'ajiyar intanet, lambar sirrinta a hannun mutum biyu. Duk shekara a ranar taro a buɗe su a gaban jama'a a tabbatar suna nan. Ni na ɗauki nauyin sayen had-dis ɗin farko. Mai tsohon hoto a gida ya kawo wa sakatare kafin taro na gaba, za a mayar masa da abinsa.