Maganin Hawan Jinin Ido da Yadda Ya Ke Aiki

Yau maganarmu a kan ciwon nan ne da a ke kira hawan jinin ido, wanda likitoci ke ce wa gilakoma. Sunan yakan ruɗa mutane, gama ba jini ne ke hawa ba, ruwa ne.

Cikin ƙwayar ido akwai wani ruwa garai-garai da ido ke yi dare da rana, yana fita ta wata 'yar magudana. Kun dai san yadda kwata ke yi in ta toshe da damina, ruwa ya taru ya ci gindin katanga. To, haka nan in magudanar ido ta cushe, sai ruwan ya danne jijiyar gani, ta riƙa mutuwa sannu-sannu, galibi ba zafi, ba ja. Binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cikin mutum 100 da suka kai shekara 40, wajen 5 suna da shi.

Aikin maganin iri biyu ne, watau ko ya rage ruwan da ido ke yi, ko ya buɗe masa hanya. Timolol, wanda aka fara ba mutane a 1978, rage ruwan ya ke yi. Amma mai asma ko mai ciwon zuciya lalle ya gaya wa likita kafin ya karɓa, don yakan toshe numfashi. Ƙwayar Diamox ita ma rage ruwan ta ke yi, takan kuwa sa yawan fitsari da jin tsikari a yatsu. Latanoprost kuwa, na 1996, hanya ya ke buɗewa, ɗigo ɗaya kowane dare. In gashin idonka ya ƙara tsawo, kada ka tsorata, halinsa ke nan.

To, ga inda a ke yin ɓarna. Mutum ya gama kwalba ɗaya, ya ga ganinsa bai ƙaru ba, ya ce maganin banza ne, ya koma wa tozali ko mai tallar magani a tasha. Maganin nan ba ya komo da ganin da ya tafi, wanda ya rage ya ke tsarewa. Ranar da ka bari, ruwan zai soma taruwa kuma.

In ka ɗiga, rufe idon, ka danne lungunsa na wajen hanci da yatsa kamar minti 2. In kwalba biyu aka ba ka, bar minti 5 tsakaninsu. Da azumi kuwa, mai ɗigawa sau biyu sai ya yi da sahur da bayan shan ruwa.

Ciwon yakan bi dangi. Saboda haka in an same shi gare ka, ɗebi 'yan'uwanka ku tafi Asibitin Ido na Ƙasa da ke nan Kaduna, a auna su. Ka riƙe kwalbarka, ko ta ƙare, don likita ya ga irin wadda ka ke sawa.