Hannun Jarin Transcorp: Daga Ina Rabon Riba Yake Fitowa?

Bayan haka, ya 'yan'uwa, da yawanmu mukan sayi hannun jari mu zauna jiran rabon riba, ba mu binciki tushenta ba. Kamfanin Transcorp, wanda aka kafa a 2004, yana riƙe da tashoshin lantarki na Ughelli da Afam, da otal ɗin Hilton na Abuja. Daga abin da waɗannan suka miƙa masa yake raba mana. Ribar da ke rubuce a takarda, alhali ba a biya kuɗin wutar ba tukuna, ba ta shiga aljihu. Saboda haka mu duba tsabar kuɗinsa da bashinsa. Abin da ya shigo ta kuɗin ruwa ko giya kuwa, mu fitar da kasonmu, kada iyalanmu su ci. Allah Ya datar da mu.