Daga Mapo Zuwa Moniya: Ina Ne Hurumin Ƙararka?

Mai girma Sarkin Hausawa, malamai, iyayenmu da 'yan uwa 'yan kasuwa, an nemi in ɗan yi bayani a kan kotuna da iyakokin garin nan namu na Badun.

Duk wanda ya doshi Oja'ba zai hangi babban ginin nan na Mapo a kan tudu. An aza harsashinsa a 1925, aka kammala a 1929. To, ku lura, unguwarmu ta Sabo ta girme shi, don tun 1916 aka keɓe mana ita. A wancan zamani abin da sauƙi. Hukumar gari ɗaya ce, tana Mapo, abin da ya gagari Sarkin Hausawa sai a haura da shi can.

Yanzu kuwa ba haka ba ne. A 1991 aka raba cikin gari gida biyar, ga kuma shida na kewaye, ƙananan hukumomi 11 ke nan. Sabo da Mokola da Bodija suna Ibadan ta Arewa. Amma Sasa da Ojoo suna ƙarƙashin Akinyele, hedkwatarsu tana Moniya. Kenan mai gida a Sabo da rumfa a Sasa, hukumomi biyu yake hulɗa da su, kuma rasit ɗin wannan ba ya biya masa kuɗin waccan.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta aure da gado. Jama'a, Jihar Oyo ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati kamar Kano ko Sakkwato. Kotun gargajiya da ke Mapo, da al'adar gari take aiki. Akwai kwamitin shari'a mai zaman kansa da ke zama a masallacin Oja'ba tun 2002, amma sai ɓangarorin biyu sun yarda, ba shi da ɗan sanda, ba shi da kurkuku. Haka ma sulhun da ake yi a fada. Saboda haka in malamai sun raba gado, don Allah a rubuta, kowane magaji ya sa hannu gaban shaidu. Magaji ɗaya in ya bijire, Babbar Kotu za ta nemi takarda ne.

Batun fili kuma, tun dokar 1978 takardar mallakar filin cikin gari daga gwamna take fitowa, watau Sakatariya ta Agodi. Takardar ciniki da hatimin mai unguwa ba ta maye gurbinta.