Daga Aiken Gida Zuwa Aikin Jarida



An ce mu da ke aikin jarida da rediyo mu yi wa matasa bayanin yadda ake shiga wannan aiki. To, mu dai a gida muka fara koyonsa.

Kakanninmu da yawa jirgin ƙasa ne ya kawo su Minna, bayan an gama layin dogo daga Baro zuwa Kano a 1911. Sun tarar da Gwari masu ƙasa, suka zauna a unguwanni irin su Limawa da Kwangila, ba gona, ba gado, sai sana'a: wannan fawa, wancan ɗinki, wani dako a tasha. Shi ya sa a gidajenmu yaro ba ya zaman banza. Da an tashi daga makarantar allo sai rumfar baba. Ga kuma aike. Inna ta aike ka gidan maƙwabta, ka dawo ta ce, "Faɗa mini yadda ta faɗa." Ka ƙara gishiri, ka sha ranƙwashi. Jama'a, ai rahoto ke nan!

Alhaji Abubakar Imam, haifaffen Kagara a nan jiharmu, ɗan gidan malamai ne, kuma sai da ya koyar a makaranta a Katsina kafin ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Da sana'arsa ya shigo.

Ba za mu ɓoye muku ba, albashin wannan aiki ba shi da kauri, wani lokaci ma ya yi jinkiri. Ana tashi daga taro sai a miƙo ambulan, wai kuɗin mota. Wanda ya karɓa, gobe in famfon unguwa ya ƙafe bakinsa ya mutu. Amma mai keken ɗinki a gida, ko mai kiwon kaji, yana iya cewa, "Na gode, a bar shi."

Kuma mu tuna muna zaune da Gwari da Nufawa. Kalma ɗaya da ba a tantance ba, a rediyo ko a Facebook, tana iya ɓata zaman shekara ɗari.

Wanda ɗansa ko 'yarsa ke sha'awar aikin ya turo mana su bayan taro. Abin da za mu fara tambaya shi ne sana'ar da suke yi yanzu.