Haƙori Na Shida

Yau zancenmu a kan haƙora ne, musamman wani haƙori wanda iyaye da yawa su kan bari ya lalace a bakin 'ya'yansu don ba su san ko wane iri ne ba.

Bari mu fara da lissafi. Ɗan Adam sau biyu ya kan yi haƙora. Na fari su ne na yarinta, guda 20. Su kan soma fitowa tun jariri yana wajen wata 6, kafin ya cika shekara 3 sun kammala. Na biyu su ne na girma, guda 32, kuma daga su babu wasu. Wanda ya fita ya fita ke nan, sai giɓi.

In ka sami madubi ka buɗe baki, za ka ga ba duka ne sura ɗaya ba. Na gaba guda 8, huɗu sama huɗu ƙasa, bakinsu kamar na kurfi ne, aikinsu gatsa. Kusa da su akwai fiƙoƙi 4 masu tsini, na yagar nama, su ne kuwa suka fi kowane haƙori dogon saiwa. Sa'an nan ƙananan turame 8, sai manyan turame 12 can ciki, waɗanda ke niƙa abinci.

Abin da ka ke gani a madubi kan haƙori ne kaɗai. Sauran yana ƙarƙashin dasashi, a kafe cikin ƙashin muƙamuƙi. Haƙorin gaba saiwarsa ɗaya, babban turmi na ƙasa biyu gare shi, na sama uku. Shi ya sa cire turmi ba aikin wanzami ba ne, saiwa ta kan karye ta zauna a ciki.

Kan haƙori kuwa a lulluɓe ya ke da wani farin ɓawo, likitoci suna ce da shi inamel. Duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri, har ƙashi. Ka san langa ko kwanon sha mai farin shafe? Muddin shafen yana nan lafiya, kwano yana nan. Ran da ya ɓantare, tsatsa ta sami ƙofa. Haka haƙori ya ke. Ƙarƙashin ɓawon nan akwai wani sashi mai ɗan rawaya wanda bai kai shi tauri ba, can tsakiya kuma akwai ɗan kogo mai jijiya da hanyoyin jini. Fata in ta yanke ta kan warke, ƙashi in ya karye ya kan haɗe, amma ɓawon haƙori in ya huje ba ya tofowa.

To, yanzu sa harshenka a kan turminka, ka shafa. Za ka ji ba sumul ya ke ba, akwai 'yan tuddai huɗu ko biyar, da kwari a tsakaninsu. Tuddan nan na sama su kan shiga kwarin na ƙasa, da haka a ke tauna. Amma cikin kwarin akwai 'yan tsage-tsage da ramuka, waɗansu siraransu har sun fi gashin buroshi. Nan ne alewa da biskit da sukarin shayi su kan maƙale. Ƙwayoyin cuta da ke cikin baki su ci zaƙin, su fid da wani ruwa mai tsami, shi ne ke cin ɓawon a hankali har ya yi rami. Mutane su kan ce tsutsa ce. Babu wata tsutsa a cikin haƙori, wanda kuma ya ce zai fitar maka da ita kuɗinka kawai zai ci.

Ga inda na ke so ku kasa kunne. Sa'ad da yaro ya kai wajen shekara 6, kowa hankalinsa yana kan famfara, ana yi masa dariyar giɓi. A daidai lokacin nan, can bayan haƙoran yarinta, manyan turame huɗu suna fitowa, biyu sama biyu ƙasa. Ba su ture kowane haƙori ba, babu wanda ya faɗi kafin su fito, don haka uwa ta kan ɗauka na yarinta ne. In ta ga baƙin ɗigo a kai sai ta ce, "A bar shi, ai zai famfare." Ba zai famfare ba. Na girma ne, da shi yaron zai ci tuwo har tsufansa in an kula.

Gane shi ba wuya. Ke uwa, zaunar da yaron a hasken rana ya buɗe baki. Fara ƙirga daga tsakiyar haƙoran gaba zuwa ciki. Na yarinta biyar ne a kowane gefe. In kika ga na shida, to, shi ne. Ya fi na gabansa girma, ya kuma ɗan fi su rawaya. Wannan rawayar ba cuta ba ce, haka haƙoran girma su ke. Haka nan in sababbin haƙoran gaba suka fito da 'yan tuddai uku a baki kamar zarto, kada a damu, kada kuma a goge su da kome, cin abinci zai daidaita su.

Sabon turmin nan ya kan yi watanni bai kai tsawon maƙwabcinsa ba, ɓawonsa kuma bai gama ƙwari ba. Asuwaki ko buroshi sai ya bi ta kansa ya wuce bai taɓa shi ba. Saboda haka a shigar da buroshin ta gefen kumatu, a goge kan turmin shi kaɗai. Yaro ɗan shekara 6 ba zai iya wannan da kansa ba, sai babba ya taimake shi, safe da kuma dare kafin barci. A yi amfani da man goge baki mai fuloraid, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, ya tofar, kada ya kurkure da ruwa. Gawayi da toka da yashi kuwa kankare ɓawo su ke yi. Zaƙi kuma a ba shi tare da abinci, ya fi a bar shi yana tsotsar alewa wuni zubur. A asibitin da ke da likitan haƙori, a kan iya toshe tsagen nan da wani shafe tun bai ruɓe ba, ba allura, ba zafi.

In kin ga fari-fari kamar alli, ko baƙin ɗigo, ko yaro ya ce ruwan sanyi yana tsarga masa, ki kawo shi ɗakin magani, malamin asibiti ya duba ya tura ku inda ya kamata. Ƙaramin rami a kan cike shi. In aka bari ya kai jijiya, sai ciwon da ke hana barci, sai ƙurji, ƙarshe a cire. Bayan an cire kuwa maƙwabtansa su kan karkata cikin giɓin, tauna ta ɓaci.

Kada a ɗiga ruwan batir a rami, kada a danna ƙwayar asfirin a dasashi, ƙone nama su ke yi. In kuwa kumatu ya kumbura har ya nufi ido ko ƙarƙashin haɓa, ga zazzaɓi, ko haɗiya ta gagara, kada a kwana, a kama hanyar asibiti ran nan.